Yaron da ke Zabura da Tafiya Cikin Barci

Wani mai sauraronmu, manomi daga Kahu a ƙaramar hukumar Kibiya, ya rubuto cewa ɗansa mai shekara 7 yakan zabura da dare ya ƙwalla ihu, ido buɗe amma bai gane kowa ba, wani sa'in har ya nufi ƙofa. In gari ya waye a tambaye shi, sai ya ce bai san an yi ba. Maƙwabci ya miƙo masa ragowar maganin farfaɗiyar ɗansa. Shin ya ba yaron?

To Malam, kada ka ba shi. Ciwo kan yi kama da ciwo, amma kowane da maganinsa.

Abin da ka kwatanta ya fi kama da magagi mai tsanani. Yakan zo ne awa 1 zuwa 3 bayan kwanciya, lokacin da barci ya yi nauyi: jiki ya farka, hankali bai farka ba. Ana gadonsa, kuma yawancin yara kan daina kafin su balaga. Ita farfaɗiyar dare gajeruwa ce, motsi iri ɗaya take maimaitawa, kuma takan zo sau da yawa a dare guda.

Abin da ke tayar da shi ma ya bambanta. Wani zazzaɓi ne, wani ƙarancin barci, kamar lokacin kaka da ake kai dare ana aiki, wani kuma minshari ne mai toshe numfashi. Saboda haka ka riƙa lura da ƙarfe nawa abin ke zuwa. In da waya mai kyamara a gidan, a ɗauki bidiyonsa a kai wa likita a Babban Asibitin Rano. In ya ga da buƙatar awon ƙwaƙwalwa, zai tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Kafin nan, abin da ya fi damuna shi ne rijiya da murhu. A rufe rijiyar gida, a sa sakata inda hannunsa ba zai kai ba, kuma ban da kwanan bisa soro komai zafin bazara. In ya tashi kada a jijjiga shi, balle duka. A lallaɓa shi a mayar da shi shimfiɗa. In kusan lokaci ɗaya yake zuwa kullum, a tashe shi a hankali minti 15 kafin lokacin, har tsawon mako 2 zuwa 4.

Amma in babba ne abin ya fara wa da rana tsaka, musamman mai shan ƙwayar barci, wannan sai asibiti ba jinkiri.