Wa Ke Auna Ma'aunin Injin Hoton Ƙirji?

Idan likita ya tura majinyaci daga Jangeru ko Zurmi zuwa Ƙaura Namoda ko Gusau don ɗaukar hoton ƙirji, damuwarsa hanya ce da kuɗin mota. Da wuya ya tambayi ko hasken da aka harba masa ya wuce kima, domin hasken eksire ba a ganinsa, ba a kuma jin zafinsa.

A cikin yawancin manyan injunan akwai wani ɗan ma'auni a bayan majinyaci, wanda ke ƙidaya hasken da ya ratso jiki, ya kuma katse shi da zarar ya isa. To, amma ma'auni yakan karkace in ya tsufa. In yana rage ƙidaya, sai injin ya yi ta zuba haske fiye da buƙata. In kuwa yana ƙarawa, sai ya katse da wuri, hoto ya fito dishi-dishi, a sake ɗauka, mutum ya sha haske sau biyu. Injunan zamani masu kwamfuta ma sun fi ɓoye laifinsu, gama ko hasken ya yi yawa hoton yakan fito tangaran, ba wanda zai yi zargi.

Maganin abin shi ne masani ya zo da nasa ma'aunin, ya ajiye shi inda majinyaci ke tsayawa, ya gwada abin da injin ya faɗa da abin da ya fitar. Shi ma wannan ma'auni sai an daidaita shi da wanda ya fi shi. A Nijeriya ana yin haka a cibiyar kare jama'a daga illar haskoki da ke Jami'ar Ibadan, inda aka fara irin wannan tsaro tun 1964, bayan gwajin bam ɗin da Faransa ta yi a Sahara a 1960. Cibiyar tana ƙarƙashin hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ta kuma fara aiki a 2001.

Ga ma'aikatan da ke tsara kasafin asibitoci, a nan gizo ke saƙar. Sayen inji yana da biki da yanka kyalle, gwajinsa kuwa ba ya da ko ɗaya. Alhali ƙa'idar da masana ke bi ita ce a gwada shi aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma bayan kowane babban gyara.