'Yar Tsana Ta Koma Cikin Waya

  Yau zancenmu a kan abin da yake faruwa ne a tsakar gidanki, wataƙila ma a gefen tabarmar da kike zaune. Yarinya ta ɗauki wayarki ta shige lungu, kin kira ta sau uku ba ta amsa ba. Da kika leƙa sai kika ga wasu 'yan mutane a fuskar wayar, tana sa musu kaya, tana jera musu ɗaki, tana kwantar da jariri. Kika tambaya, ta ce, "Umma, gem ne." To wane irin gem ne wannan, ba harbi, ba tsere, ba a cin kowa?

Kafin mu yi nisa, ki tuna ƙuruciyarki. Lokacin kaka, an sare dawa, kara ya cika gari. A sami totuwa a yi 'yar tsana, a je wurin tela a roƙo ƙyallaye a ɗaura mata zane da kallabi. Gwangwanin tumatir shi ne tukunya, murfin kwalba shi ne faranti, a tuƙa tuwon ƙasa a kaɗa miyar ganye. Kuma ba a nan ake tsayawa ba. A yi wa 'yar tsanar wance miji, a kai lefe, a sa lalle, a yi jere, a kai amarya da guɗa, bayan kwana biyu a ce ta haihu a taru suna. Wani lokaci har faɗan kishiyoyi ake yi, kowace yarinya tana maimaita maganar da ta tsinta a bakin manya. Babu wanda ya rubuta mana dokar wasan. Zaman da muke gani shi muke kwaikwaya, mu ƙara masa gishiri.

To wannan wasan ne Turawa suka ɗauka suka zuba a cikin na'ura. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne The Sims, na wani Ba'amurke mai suna Will Wright. A shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Jigawa, gobara ta cinye unguwanni a birnin Oakland na Amurka, gidansa na ciki. Da ya zo sake haɗa gida daga tushe, yana sayen kujera da tukunya da gado ɗaya bayan ɗaya, sai abin ya ƙara masa tunanin yin wasan da mutum zai gina gida ya zuba mutane a ciki. Kin san sunan da aka fara kiran aikin da shi kafin ya fito? Gidan 'yar tsana. Ya fito kasuwa a watan Fabrairu na 2000, kuma zuwa 2002 ya zama wasan kwamfuta da aka fi saye a duniya. Na biyu ya biyo baya a 2004, na uku a 2009, na huɗu a 2014. Tun farkonsa mata suna da yawa ƙwarai cikin masu yin sa.

Ga yadda yake. Ke za ki ƙera mutumin da hannunki: tsawon hanci, launin fata, kitso, hali, ko mai tsafta ne ko ƙazami, mai fara'a ko mai saurin fushi. A ba ki jarin kuɗin wasa, kimanin dubu 20, ki sayi fili ki yi gini. Kowane mutum yana da ma'aunai na yunwa da barci da wanka da kewayawa da nishaɗi da son hira. In kin kula da shi ma'aunin yana kore, in kin yi sakaci ya koma ja, sai ki ga mutum ya yanke jiki ya faɗi don gajiya, ko wanda bai iya girki ba ya tayar da gobara a kicin. Suna zuwa aiki, su yi aure, su haihu, su tsufa, su mutu. Har yarensu gare su, wani surutu da aka ƙirƙira wanda ba na kowace ƙabila ba ne. Wato dai aikin da kike yi kullum daga asuba zuwa dare, shi wasu suke biyan kuɗi su yi da sunan hutu. Allah mai iko!

Amma abin da ya sa wasan ya rayu shekara 25 da ɗoriya ba kamfanin ba ne kawai, masu yin wasan ne. A na farkon an sa wani ɗan kundin ajiye hotuna, don mutum ya ɗauki hoton iyalinsa na wasa ya rubuta 'yar magana a ƙasa. Sai jama'a suka mayar da shi wurin rubuta labari, hoto bayan hoto, babi bayan babi, suna sakawa a intanet wasu suna bi. A 2009 wani ɗalibi a Ingila, Robin Burkinshaw, ya ƙera uba da 'yarsa, Kev da Alice, ya hana su gida da kuɗi, ya bar su suna kwana a bencin lambu, yana rubuta abin da yake samunsu. Labarin ya zagaya duniya, mutane suka riƙa tausayin yarinyar da ba ta da rai. Wasu kuma suka ƙirƙiro gasa: ka fara da mutum ɗaya matalauci a fili fetal, ka riƙe zuriyarsa har hawa goma ba tare da ha'inci ba.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da muka san littattafan soyayya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ire-irensu, ai daga zaman gidan nan namu suka ɗebo labaransu, mata suka riƙa aron littafin daga ɗaki zuwa ɗaki har bango ya yage. Yanzu kuma 'yan mata na rubuta nasu a WhatsApp da Wattpad, shafi-shafi, masu karatu suna roƙon kada a kashe wance, a hukunta wane. Ƙishirwar ɗaya ce: a ga rayuwa a gaban ido, a juya ta yadda ake so.

Akwai kuma masu ɗinki da kitso na cikin wasan, kuma nan ne na fi so ki saurara. Da yake Turawa suka yi shi, kamanninsu suka fi zubawa. Baƙar mace in ta zo ƙera mai kama da ita, sai ta tarar launin fatar ya yi toka-toka kamar wadda ta kwana a murhu, gashin kuma babu irin namu. Maimakon su haƙura, sai wasu mata suka koyi aikin da kansu. Wata Ba'amurkiya da aka sani da Xmiramira ta haɗa launukan baƙar fata iri-iri ta saka kowa ya ɗauka. Wata a Ingila da ake kira Ebonix ta zauna ta riƙa ƙera kitso da gashin baƙar mace, sili-sili. Suka yi ta matsa wa kamfanin lamba tare da dubban masu wasan, har a watan Disamba na 2020 ya ƙara launin fata fiye da 100. Kafin nan, a 2019, ya sa hijabi da hula. Wasu daga cikin masu wannan ƙira sana'a suka mayar da ita, masu son kayansu suna biyansu wata-wata, kuma daga cikin ɗaki suke yi, ba su da shago. Ke da kike saƙa hula ko ƙulla turaren wuta a bayan katanga ki aika yaro ya kai, kin fi kowa gane wannan.

Duk da haka, kada ki za ci gidanmu ne a ciki. Babu zaure, babu rumbu, babu turmi a tsakar gida, sai in mai wasan ta yi dabara ta haɗa da kanta. Wasan bai ma san auren mace fiye da ɗaya ba. Yarinyar da take son ta ga atamfa da ɗaurin ɗankwali da jeren kwalla a kabet, sai ta nema da wahala, ko ta koyi yi.

Yanzu mu dawo kan wayarki. The Sims na huɗu sai da kwamfuta ko na'urar gem, ko da yake tun Oktoba 2022 tushensa kyauta ne, ƙarin kayan ake saye. Abin da yaranmu suka fi samu a waya 'yan'uwansa ne: The Sims FreePlay, da Toca Boca World, da Avatar World, da na gona irin Hay Day. Duk suna cewa kyauta ne, to amma ki san inda cinikin yake. A Hay Day alkama minti 2 take nuna, kaza minti 20 ta yi ƙwai, saniya awa ɗaya ta kawo nono. Da gangan aka tsara haka, don yaro ya riƙa komawa yana dubawa. In ya gaji da jira, sai a nuna masa cewa da 'yan kuɗi kaɗan za a gama masa nan take, ko ya kalli talla. Wannan shi ya sa kike aikenta ta ce "bari in kwashe ƙwai". Kuma kuɗin na gaske ne. A 2014 hukuma a Amurka ta sa kamfanin Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32 da rabi, na sayayyar da yara suka yi cikin wasanni ba da saninsu ba. Saboda haka in akwai katin banki a haɗe da wayar, naki ko na maigida, a sa lambar sirri da za a tambaya kafin kowace sayayya. A Play Store ake saita shi, kuma duk ɗan sakandaren gidan zai iya yi a gabanki, amma ke za ki riƙe lambar.

Sai maganar tarbiyya. Ba duka ne na ƙananan yara ba. The Sims a Amurka na matasa ne 'yan shekara 13 zuwa sama, a Turai 12, domin akwai soyayya da kwanciyar aure a ciki, ko da yake a lulluɓe, kuma yana barin namiji ya auri namiji, mace ta auri mace. A 2018 an daina samar da FreePlay a wasu ƙasashe, har da Saudiyya. Hay Day ba shi da wannan, sai dai akwai kiwon alade, gara ki ji daga bakina. Kowane wasa yana da adadin shekaru a rubuce kusa da sunansa a Play Store, ki sa a nuna miki.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ƙofar hira. Akwai irin Brookhaven da ke cikin Roblox, da Avakin Life, inda mutanen da yarinya take gani suna yawo ba na'ura ba ce take juya su, mutane ne na gaske daga ko'ina, suna iya rubuto mata magana. Ba za ki bar baƙon namiji ya wuce zaure ya zauna da 'yarki ba. To tambaya ta farko ke nan ga duk wasan da ya shigo gidanki: "Akwai wanda yake miki magana a ciki?" In akwai, ko a rufe hirar ko a goge wasan. Haka nan wanda aka turo ta Xender ko aka loda a shagon caji, aka ce an buɗe komai kyauta: irin wannan an taɓa shi, yana iya zuwa da abin da zai lalata waya ko ya kwashi bayananki, kuma a wayar nan kike karɓar kuɗin adashi.

In kin tace kin bar mata mai tsafta, ki yanka mata lokaci, bayan Islamiyya da aikin gida, ba a kan shimfiɗar barci ba. Kuma wata rana ki zauna kusa da ita ki ce, "Wace ce wannan? Ina mijinta? Me ya sa kika sa gadon a nan?" Za ki ji labari, kuma a cikin labarin za ki ji abin da take gani a gidanku, mai daɗi da marar daɗi, kamar yadda iyayenmu suke tsintar maganarsu a bakinmu ranar bikin 'yar tsana. In kin lura hankalinta ya fi karkata ga haɗa kaya, ki ba ta ƙyalle da allura ta fitar da shi a fili. In labari ne, ki saya mata littafin rubutu na daban. In kuma tambayarta kullum ita ce yaya aka yi mutanen suke motsi, to ki gaya wa babanta, domin masu ƙera irin waɗannan abubuwa karatun kwamfuta suka yi, kuma ana koyar da shi nan Kazaure, a makarantar da muke kira Informatics, da kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu.