Daga Abalak zuwa Matador: abin da ya ƙara wa jitar Buzaye nauyi

Wanda ya taso daga Abalak zai je Sakkwato, hanyarsa Tawa ce, sai Tsarnawa inda titin arewa yake haɗuwa da babbar hanyar Yamai zuwa Maradi, sai Birnin Ƙonni, ya tsallaka Illela. Manyan motocin albasar Galmi sun san hanyar nan. Kiɗa ma ya bi ta. A 2008 wani matashi Buzu ɗan jihar Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ya naɗi faifansa na farko, "Anar", a Sakkwato. Wanda ya saurari wannan faifai zai ji ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa: gangar kwamfuta, da muryar da na'ura ta lanƙwasa ta koma siririya. Shekara 13 bayan haka, a 2021, kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da "Afrique Victime", waƙar da ta haura minti 7, tana farawa a natse, gangar tana ƙara gudu har jita ta koma kamar kukan ƙarfe. Turawa suka sa ta a sahun kiɗan rok mai nauyi.

Me ya kawo wannan sauyi? Masu sharhi a waje suna saurin ambaton Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Akwai gaskiya a ciki: Mdou bahago ne kamar Hendrix, kuma yakan ƙwanƙwasa wuyan jita da yatsu irin salon da Van Halen ya yi suna da shi a "Eruption" ta 1978. Amma a ganina an ba Amurka kaso fiye da nata. Tushen na gida ne. Tinariwen da Abdallah Oumbadougou su suka share fagen jitar Buzaye tun zamanin kaset, kuma Oumbadougou ne Mdou ya gani yana yaro, har ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke.

Sai kuma gidan biki, wanda shi ne makarantar gaskiya. A fili ake yinsa, kan tabarmi da rairayi, janareta na ruri a gefe, lasifika ta tsufa an murɗe ta har ƙarshe don na bayan taro ya ji. Sautin yana tsagewa, makaɗi bai da yadda zai yi. Samari masu rawa suna neman a ƙara wuta, mai ganga ya ƙara, mai jita ya bi shi. Wannan tsagewar murya da mawaƙan rok ke sayen na'ura don su samu, a nan talauci ne ya ba da ita kyauta, har kunne ya saba, ta zama abin so.

Salula ta yi nata aikin. Waƙoƙin "Anar" sun yawata ta katin memori da Bulutus, daga waya zuwa waya a tasha da majalisar shayi, ba tare da mai su ya sami ko dala ba. Ta haka "Tahoultine" ta faɗa hannun Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya sa ta cikin tarin "Music from Saharan Cellphones". Daga nan aka yi fim da Mdou a Agadas, wanda ya fito a 2015, kan tsarin "Purple Rain" na Prince, sai faifan "Ilana" a 2019 da cikakkiyar ƙungiya: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Aboubacar Mazawadje a ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun a bes.

Riba dai an samu. Kukan da "Afrique Victime" ke yi kan yadda ake cin Afirka ya isa dandalin da jawabin ɗan siyasar Nijar ba ya isa, kuma Mdou bai ɓoye ra'ayinsa kan Faransa da yuraniyom ɗin Arlit ba. Sai dai kasuwar ta koma can. Yawancin masu sayen tikiti ba sa jin Tamashek, yatsu suke kallo, kuma makaɗin da ya ga abin da ke tashin ɗakin taro a Turai dole ya ƙara shi. Zaren Hausa da ke cikin "Anar" ya ɓace a hanya, abin da ni dai nake jin takaicinsa. A shagon caji a Ƙonni, Hamisu Breaker da Ado Gwanja za ka fi ji.

Ranar 26 ga Yuli 2023, da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, ƙungiyar tana rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, har da ta Ƙonni da Illela, 'yan Nijar ɗin suka maƙale. A wannan zaman jiran ne suka sake naɗar waƙoƙin faifansu "Funeral for Justice" a New York da jitar katako, a hankali, faifan da ya fito a 2025 da sunan "Tears of Injustice".