Cinikin Maniyyi A Ƙasashen Turawa Da Hukuncinsa A Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, tun shekarar 1953 likitoci a Amurka suka sami nasarar sa mace ta ɗauki ciki da maniyyin da aka daskarar. Daga bisani abin ya zama fatauci. Aka buɗe kamfanin California Cryobank a 1977, sa'an nan Cryos a ƙasar Denmak a 1987.

Ga yadda su ke tallar hajarsu. Sukan jera wa mace siffofin mazan da suka ba da maniyyin: tsawo, launin ido, zurfin karatu, har da hoton mutum na yarinta da muryarsa. Sai su ce zaɓi na hannunta. Alhali kuwa tun kafin ta duba, kamfani ya riga ya tace mazan bisa abin da kasuwa ke so. A 2011 Cryos ya daina karɓar masu jan gashi domin ba a cinikinsu. Ashe abin da aka ajiye a faifai, shi mai saye ke zaɓa.

Wanda ba a shawarta ba kuwa shi ne ɗan da za a haifa. Sai a 2005 Ingila ta ba irin waɗannan 'ya'ya ikon sanin ubansu in sun kai shekara 18. A 2023 kotu a Holan ta hana wani mutum ci gaba da bayarwa, bayan an sami 'ya'ya fiye da 550 daga gare shi. To, wa zai lamunce cewa wa ba zai auri ƙanwarsa ba?

Kiyaye nasaba na cikin larurori biyar da shari'a ta zo ta tsare, a kansa kuma gado da walicci da muharramaka suka ratayu. Saboda haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta haramta shigar da maniyyin wani baƙo, ta kuma halatta dashen da aka yi da na miji da ƙwan matarsa idan larura ta kama.

Mun san ɗacin rashin haihuwa, ba mu kuwa hana neman magani ba. Abin da mu ke kira gare shi shi ne mazaje su ma su je a auna su, dangi kuma su bar gorin da ke ingiza mata ƙofar 'yan kasuwa.

Allah Ya azurta mu da zuriya ta gari, amin.