Amanar Da Ke Tsaye a Bakin Titi

Duk matafiyin da ya taɓa ganin ɗan rod sefti ya ɗaga hannu, direba ya ratse gefe, jami'in ya karɓi lasin ya duba, ya sunkuya ya shafa tayar da ta suɗe, sa'an nan ya ƙidaya fasinjan da aka cusa a kujerar gaba, to ya kamata ya san cewa ba haka kawai aka ɗauko mutumin nan aka tsayar da shi a rana ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda yake yi wa aiki, an kafa ta ne a 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka ɗora Farfesa Wole Soyinka a kan shugabancinta, kuma dokar da take aiki da ita a yau Majalisa ce ta zartar da ita a 2007. Babban kwamandanta Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shi. Sauran ma'aikata kuwa daraja uku ne gwargwadon ilmi: mai digiri da takardar hidimar ƙasa ya shiga sahun hafsoshi, mai difloma ya zama sufeto, wanda ya tsaya a sakandare ya fara daga mataimaki, kuma kowannensu sai an auna lafiyarsa an hore shi, hafsoshi a makarantar Udi ta Jihar Inugu, kafin a miƙa masa kaki. Albashinsu yana bisa tsarin da gwamnatin tarayya ta yanka wa ma'aikata masu ɗamara waɗanda ba soja ba, alhali akwai 'yan sa-kai daga cikin jama'a da ke taya su aiki ba ko anini.

Hikimar wannan tsari ba baƙuwa ba ce ga malaman fiƙihu, domin tun dā sun sharɗanta wa muhtasibi, wato jami'in hisba, ilmi da adalci, suka kuma halatta a yanka wa alƙali abincinsa daga baitulmali, saboda wanda aka naɗa bisa alfarma ba zai iya tsawata wa ubangidansa ba, wanda kuma haƙƙinsa bai ishe shi ba idonsa yana kan aljihun direba. Amma albashi komai kaurinsa ba ya maye gurbin tsoron Allah, kuma direban da ya dunƙule kuɗi ya miƙa domin a kau da kai daga birkinsa da ya lalace, shi ma yana da kamasho a cikin alhakin rayukan da ya ɗauko.