Hifnosis Cikin Hira: Kimiyya ce ko Hajar Sayarwa?

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata sana'a da ta bunƙasa tun daga shekarun 1970, wato koya wa 'yan kasuwa da dillalai abin da ake kira hifnosis cikin hira. Masu wannan sana'a suna cewa duk wanda ya halarci darasinsu zai iya karkatar da zuciyar mai saye da kalmomi kawai, ya sa shi ya zaro kuɗi ba tare da ya farga ba. Ana sayar da littattafai, ana shirya tarurrukan horo masu tsada, a yau kuma darussan sun cika intanet, har sukan shigo wayoyin matasa. Kafin mutum ya biya ko kwabo, ya kamata ya san abin da bincike ya gano.

Asalin al'amarin

Hifnosis wani yanayi ne da mutum ke tattara hankalinsa wuri ɗaya, ya rage kula da abin da ke kewaye da shi, ya kuma fi saurin karɓar shawarar mai yi masa magana. An samo kalmar ne daga kalmar Girkanci mai nufin barci, amma wanda ke cikin wannan yanayi a farke yake.

Tun farko kuɗi ya shiga lamarin. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya isa birnin Faris a 1778 yana da'awar cewa akwai wani ɓoyayyen ƙarfi irin na maganaɗisu a jikin ɗan Adam, wanda shi ke iya sarrafa shi ya warkar da cuta. Attajirai suka yi ta tururuwa, har aka kafa ƙungiyar da kowane ɗalibi ke biyan tsabar zinariya 100 don a koya masa sirrin. A 1784 Sarki Louis na 16 ya naɗa kwamitin masana, cikinsu har da Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier. Wani almajirin Mesmer ya ce ya sa wannan ƙarfi a wata itaciya. Sai aka rufe wa wani yaro idanu, aka yi ta kai shi gindin itatuwa dabam-dabam. Yaron ya suma a gindin wadda ba a taɓa ba. Kwamitin ya yanke cewa babu wani maganaɗisu, tsammanin mutum ne ke aiki a jikinsa.

Daga asibiti zuwa kasuwa

Likitan ƙwaƙwalwa Milton Erickson na Amurka, wanda ya rayu daga 1901 zuwa 1980, shi ne ya canza salon. Maimakon ya umarci majinyaci, sai ya riƙa ba shi labarai da misalai, yana saƙa shawararsa a cikin hira. A 1975 Richard Bandler da John Grinder, waɗanda suka haɗu a Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Kurus, suka wallafa littafi a kan salon maganarsa, suka kuma gina tsarin da aka sani da NLP. Daga nan ne masu horar da dillalai suka ɗauko dabarunsu: kwaikwayon zaman abokin ciniki da muryarsa, jera tambayoyin da amsarsu "i" ce, da yi masa tambaya irin "yau za a kai maka ko gobe?" alhali bai ce zai saya ba.

Me bincike ya nuna?

Hifnosis na asibiti yana da gurbinsa. Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta amince da shi a 1955, an kuma samu shaidar cewa yana taimakawa wajen rage raɗaɗi da fargaba. Sai dai yana bukatar yarda da haɗin kan majinyaci, kuma mutane sun bambanta. Ma'aunin da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1959 ya nuna cewa kaɗan ne ke shiga yanayin da zurfi, wasu kaɗan kusan ba sa shiga, akasari kuwa suna tsaka-tsaki. Dabarar da ke bukatar yardar mutum da wuya ta zama makamin sace masa hankali a bakin kanti.

NLP kuwa bai ci jarrabawar ba. A 1984 masanin halayyar ɗan Adam Christopher Sharpley ya duba bincike 15 a kan ɗaya daga cikin manyan da'awowinsa, bai samu gamsasshiyar hujja ba. A 1988 wani kwamiti na Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka, wanda rundunar sojan ƙasar ta nemi ya auna irin waɗannan dabaru, ya kai ga matsaya irin wannan. A 2012 Richard Wiseman da abokan aikinsa suka gwada da'awar cewa motsin ido na tona maƙaryaci, ita ma ta faɗi. Tun kafin nan, a 1957, James Vicary ya ce ya ƙara cinikin gugguru da Coca-Cola a wata silima ta hanyar haska saƙonnin da ido ba ya iya kamawa. A 1962 ya amsa cewa dabarar ceto kamfaninsa ce kawai. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wannan ba ya nufin kalmomi ba su da tasiri. A wani gwaji da aka wallafa a 2003, an ga cewa ma'aikaciyar gidan abinci a ƙasar Holan ta fi samun tukuici idan ta maimaita wa baƙo abin da ya ce a kawo masa da kalmominsa. Amma wannan saurare ne da nuna kulawa, abin da duk ɗan tireda ya sani, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tasirinsa ƙarami ne, kuma ba ya raba mutum da zaɓinsa.

Ina ribar take?

Ribar da ta tabbata a wannan harka ita ce ta masu sayar da darasin. Ɗan kasuwan da ya dogara da dabarar baki zai iya cin nasara sau ɗaya, amma wanda ya ji an yaudare shi ba ya dawowa, ba kuma zai yi shiru ba. A ƙasashe da dama doka ma ta haramta yaudara da matsa wa mai saye lamba.

Darasin da ke nan ga ɗalibin kimiyya shi ne na yaron da aka rufe wa idanu. Idan aka zo da wata da'awa, sai ya tambaya: mutum nawa aka gwada? Da wa aka kwatanta su? Wa ya yi awon, kuma me zai samu idan aka yarda? Malami zai iya gwada wannan a aji: a raba ɗalibai gida biyu su yi tallan kaya iri ɗaya, kashi ɗaya da waɗannan dabaru, ɗayan da bayani na gaskiya, wanda bai san rabon ba ya ƙirga cinikin. Gani ya kori ji.