Gargaɗi: In Idon Yaro Ya Yi Rawaya, Kada Ku Kwana Da Shi A Gida

Jama'ar Birnin Konni, Malbaza da Illela, ku saurara. Iyaye mata, da ku nake tukuna.

Idon jaririnki ya yi rawaya tun kafin suna? Ya daina kama nono? Barci ya yi masa yawa, sai an tashe shi da ƙyar? Kada ki ce shawara ce, za ta wuce. Kada ki jira a yanka rago. Ki kai shi asibiti yau.

Akwai wata lalura ta gado da kan jawo wannan rawaya, likitoci na kiranta ƙarancin G6PD. G6PD wani sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. In ya yi ƙaranci, ƙwayoyin sai su riƙa fashewa da zarar wani magani ko wata cuta ta taɓa su. Mutum kusan miliyan 400 ke ɗauke da ita a duniya, kuma ta fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin tamu. Maza ta fi kamawa, ɗa namiji kuwa daga mahaifiyarsa yake gadonta. Ba sikila ba ce. Mutum na iya yin shekaru lafiya lau bai san yana da ita ba, sai rana ɗaya jini ya ƙare masa.

Me ke tayar da ita? Ku buɗe akwatin kayan jariri. Kun ga ƙwallayen kafur ɗin nan farare da ake sawa cikin tufafi don ƙwari? Ku fitar da su yanzu, ku wanke kayan tas. Warinsu kaɗai ya isa. Lalle ma kada ya taɓa jikin jinjiri. Sai kuma ƙwayoyin da ake saye hannun masu talla a kasuwa da tasha, ba gwaji ba takarda. Septrin da Primaquine na cikin magungunan da ke iya fasa jinin mai wannan lalura. Wa ya gaya muku abin da ke cikin ledar mai talla?

Amma kada wani ya ƙi maganin zazzaɓi saboda wannan magana. Zazzaɓin kansa yana tayar da lalurar. A hannun ma'aikacin lafiya za ku karɓa.

Yaro ya sha magani, bayan kwana ɗaya zuwa uku fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi? Tafin hannunsa ya yi fari fat? Yana haki? Ku dakatar da maganin, ku ɗauki kwalinsa, ku tafi. Wataƙila ƙarin jini yake bukata, jiƙo ba ya ƙara jini a dare ɗaya. Jariri kuwa, in shawarar ta hau ƙwaƙwalwa, sai kurumta, ko shanyewar jiki har abada, ko rasa rai. In an kai shi da wuri, ana sa shi ƙarƙashin wata fitila ta musamman ya warke.

Asibitin Konni na nan. Asibitin Galmi na nan. Maigida, kada ka ce sai gari ya waye. Ka nemo babur, ku kama hanya.